Fararen Kajin da Suka Koma Jajaye

"A gonar nan kaza ba ta mutuwa sai ta nemi izinina."

Haka Manaja yake gaya wa duk wanda ya leƙo gonar kajin da ke bayan gari, ko mai sayen ƙwai ne, ko mai kawo buhunan abinci, ko wanda ya ɓata hanya ya tsaya tambaya. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, tumbinsa yakan riga shi shiga ɗaki, kuma Allah ya hore masa murya irin wadda ake ji tun daga bakin titi. Ba mugu ba ne. Yana zumunci, yana wasa da 'ya'yansa, idan maƙwabci ba shi da lafiya shi ne na farkon zuwa dubiya. Aibinsa ɗaya ne: yana son faɗa kamar yadda wasu ke son shayi, kuma ya ɗauka duk wanda ake tsoro shi ne ya iya shugabanci.

Gonar ba tasa ba ce, ta yayarsa ce, wadda shi da matarsa suke kira Yaya. Da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, sai ta tattara abin da ya bari ta gina ɗakunan kaji uku. Ta ɗauko ƙanenta da ke zaune ba aikin fari ba na baƙi, ta ba shi ɗan gidan da ke cikin gonar ya zauna da iyalinsa. Ranar da ta kawo shi ta ce masa, "Auta, cin yaran nan da karatunsu duk yana cikin kajin nan. Bayan su ba mu da komai."

Ya ce ta kwantar da hankalinta. Ya kuma roƙe ta, don Allah, ta daina kiransa Auta a gaban ma'aikata.

Ma'aikatan uku ne, kowa da ɗakinsa. Dogo ke kula da ɗakin gaba, Kumatu ke kula da na tsakiya, dukansu fararen kajin nama ne a ciki. Ɗakin baya, can kusa da katanga, na jajayen kajin ƙwai ne, yana hannun wata dattijuwa da ake kira Inna Mai Ƙwai. Ita kaɗai ke garƙame ɗakinta da kwaɗo ta rataya makullin a wuya, don ta rantse Dogo da Kumatu suna soya mata ƙwai idan ta juya baya. Ba ta yi ƙarya ba.

Manaja ba ya kiran abin da yake yi wa mutanen nan faɗa. Faɗa, in ji shi, na 'yan tasha ne. Tsawa ta hadari ce, kwaɓa kuwa ta yara ce. Nasa sunansa rifiriman.

"Kalmar Turanci ce, ba ku san ta ba," yakan ce, yana gyara zaman hula. "Don manyan ma'aikata aka yi ta. Ma'anarta babba ya tsayar da na ƙasa da shi ya wanke shi tas, ba ruwa ba sabulu. Sa'ad da nake aikin kamfani, Babban Bature da kansa na yi wa rifiriman. Ya zo aiki a makare, na ce tsaya nan! Kafin in kai rabi ya cire tabarau yana sharar hawaye."

Labarin nan girma yake kamar ɗan maraƙi. Wata rana Baturen kuka ya yi, wata rana suma ya yi, akwai ma ranar da aka ce karensa ya gudu bai sake dawowa ba.

To, da a labari abin ya tsaya, da babu wanda ya cutu. Amma Manaja ya kafa doka. Duk mai kiwo ya san a cikin kaji masu yawa ba a rasa wadda za ta mutu: wata zafi, wata 'yan uwanta su danne ta a wajen cin abinci, wata kuwa haka nan kwananta ya ƙare. Shi ya ce bai yarda ba, sakaci ne. Duk wanda ya tsinci matacciyar kaza a ɗakinsa, sai ya kawo ta ƙofar sito da safe, ya riƙe ta ta ƙafafu, ya ɗaga ta sama, kada ya sauke hannu har rifiriman ya ƙare.

Wata safiya Dogo ya kawo ɗaya. Ba irin mutuwar da ya saba gani ba ce: wuyanta ya murɗe, kashinta kore. Ya buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kam sai na ga kamar..."

"Wa ya tambaye ka abin da ka gani? Ɗaga ta! Sama! Kai likita ne? Tsawon banza, kamar turken fitila, ga tsawo ba haske!"

Abin ya zo da rashin sa'a. A daidai lokacin mai kawo abincin kaji yana sauke buhuna a ƙofar siton, kuma surukin Dogo ne, uban matarsa. Dattijon ya sunkuyar da kai ya yi ta gyaran igiyar da ba ta kwance ba. Dogo kuwa yana tsaye, magidanci mai 'ya'ya, hannu a sama, mushen kaza yana lilo a gefen kunnensa, gumi yana bin gemunsa. Manaja da ya ga an sami baƙo sai ya ƙara wuta, ya zuba ɗan Turancin da ke cikinsa kaf, har da wanda shi ma bai san inda ya dosa ba.

Daga ranar Dogo ya yi wa kansa alkawari ba za a sake ganinsa a ƙofar sito ba.

Washegari ya ga wasu biyu sun saki fukafukai, sun rufe ido, suna buɗe baki kamar masu neman iska. Ya san ba za su kai yamma ba. Ya jira Kumatu ya tafi cin abincin rana, ya cusa su cikin riga, ya tura ƙofar ɗakin tsakiya ya sake su. Farare ne, sa'annin juna ne, wa zai bambance? Suka je suka mutu a can. Kumatu ya sha rifiriman da hannu biyu a sama.

Kumatu ba wawa ba ne. Ya ga sawun takalmin Dogo a garin katakon da ke shimfiɗe a ɗakinsa, don duk gonar babu mai ƙafa irin wannan. Da Dogo ya tafi salla, ya mayar masa da biki, har da ƙari.

Haka kaji marasa lafiya suka yi ta zirga-zirga tsakanin ɗakunan nan biyu, a cikin riga, a cikin bokiti, a ƙarƙashin buhu. Da abin ya fi ƙarfin riga da bokiti, sai mutanen biyu suka yi karo a lungu, kowa da kaza a hammata. Suka dubi juna.

"Kai ma?" in ji Kumatu.

"To ya zan yi? Surukina har yau ba na iya haɗa ido da shi."

Suka shirya. Suka haƙa rami a bayan katanga, suka riƙa kai gawarwakin a baro, da tsohon garin katako a sama kamar shara.

Manaja kuwa murna har kunne. Safiya ta yi ta wucewa ba wanda ya zo ƙofar sito. Shi ba mai shiga ɗakin kaji ba ne, yana cewa warin yana kama masa riga. Ya ɗauki waya ya kira Yaya. "Kin ga amfanin rifiriman? Mutuwa ma ta ji tsoro ta bar gonar nan."

Matarsa ce ta fara jin abin. Tana shanya a bayan gida ta toshe hanci ta ƙwala masa kira. "Baban yara, zo ka ga ungulayen nan. Tun jiya suke jere a kan katanga kamar masu jiran rabon gado."

Ya zagaya. Karnuka sun tone ramin. Fararen gashin kaji ya rufe wurin, iska tana wasa da shi. Ya tsaya, bakinsa a buɗe. Sai ya juya da gudu, gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi, ya banka ƙofar ɗakin gaba.

Abin da ya fara dukansa shirun ne. Ɗakin da a da sai ka ɗaga murya kafin a ji ka, yanzu sai ɗan tari nan da can. Kaji kwance a gefen mazubin ruwa, wasu sun sandare, wasu suna jan ƙafa, wasu suna juyi a wuri ɗaya, wuya a murɗe, suna kallon rufi. Ya leƙa na tsakiya, gara ma na gaba. Fuskar Yaya ta faɗo masa, da ta marayun, da ƙaramar da ke kiransa Kawu Manaja tana laluben aljihunsa.

Duk da haka, da ya fito ya ga Dogo da Kumatu tsaye cirko-cirko, halin ya motsa. "Ku ɗauko su! Ku ɗaga su sama! Yau za ku ga rifiriman da..."

"Ranka ya daɗe," in ji Dogo a hankali, "wacce za mu ɗauka? Hannu bibbiyu ne da mu."

Manaja ya laluba waya ya kira likitan dabbobi.

Likita ya iso kafin azahar. Ya sa takalmin roba da safar hannu, ya shiga ɗakunan biyu, ya buɗe cikin kaza ɗaya ya duba, ya fito yana girgiza kai. Ya ce annoba ce, mai saurin yaɗuwa. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda ta cinye ɗaki biyu lokaci guda alhali da bango a tsakani. Dogo da Kumatu suka dubi ƙasa. Likita ya zauna a kan buhu, ya tambaye su cikin ruwan sanyi, kamar mai tambayar hanya. Suka zayyana masa komai, tun daga kaza mai koren kashi.

"Da a ranar aka kira ni," in ji Likita, "da mun ware 'yan kaɗan, mun rufe ɗaki ɗaya. Me ya hana ku faɗa?"

Kumatu ya saci kallon Manaja. "Rifiriman, Likita."

"Me?"

Suka kwatanta masa, har da ɗaga hannu. Likita ya cire safar hannunsa a hankali.

"Manaja, kalmar nan na san ta, a wurin aikinmu ma ana yin ta. Amma sai an bincika, laifi ya tabbata a kan mutum, sannan babba ya kira shi ofis ya ja masa kunne, yawanci ƙofa a rufe. Ban taɓa jin inda ake yi wa wanda ya kawo labari ba. Mutum ya zo ya ce maka gobara ta tashi, sai ka tsayar da shi ka yi ta zaginsa?"

Manaja ya ce, "Likita, ka taimake ni. Dukiyar marayu ce. Ko allura, ko wani magani mai tsada, ko nawa ne."

"Fararen nan sun tafi. Waɗanda suka rage a yanka a binne da zurfi." Ya nuna ɗakin baya da haɓa. "Amma waɗancan na leƙa su ta ragar wayar da ke jikin ɗakin, lafiyarsu ƙalau. Kwaɗon tsohuwar nan ne ya cece su. Idan jajayen nan suka tsira, gonar za ta tashi, ƙwansu zai riƙe ku har a sake zuba wasu. Sai dai ka ji ni da kyau. Ciwon yana nan a ƙasan ɗakunan nan biyu, a bango, a mazubin abinci, a tafin takalmi. Shara ba ta fitar da shi, sai an yi feshi an bar su a rufe makonni. Kada mutum, ko bokiti, ko tsintsiya ta tashi daga nan ta je can. Kuma ka gaya wa mai gonar yau ɗin nan."

Bayan la'asar Manaja yana zaune a tsakar gida, abinci a gabansa ya huce, ƙuda suna ta shawagi. Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, Yaya ce.

"Auta, gobe da hantsi zan shigo. Masu saye sun dame ni, ina so in ga yadda fararen nan suka yi nama. Lafiya dai ko? Na ji muryarka wani iri."

Ga ƙofar faɗin gaskiya an buɗe masa. Matarsa tana tsaye a bakin kicin tana yi masa alama da hannu: faɗa mata, faɗa mata.

"Lafiya ƙalau, Yaya. Mura ce. Kaji kuwa sai kin gani, kamar raguna."

Ya ajiye wayar. Matar ta zo ta tsuguna a gabansa.

"Baban yara, me ya sa ka yi haka?"

"Ba ki san faɗan Yaya ba. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Idan ta ɗaga yatsan nan nata, wallahi sai in ji kamar ban yi kaciya ba. A gaban ma'aikata za ta tsige ni. Ni, da na sa Babban Bature..."

"Don Allah rufa mana asiri, mu biyu ne a nan." Ta rage murya don yara. "Wane Bature? Ba ni na buɗe maka ƙofa ran nan ba, ka shigo ido jawur? Mai gadin sito kake, aka kama ka kana barci a kan buhuna. Kai da bakinka ka ce mini ya kira ka ofis, ya rufe ƙofa, ya ce wannan sunansa kaza, in ka sake sai kora. Ka sake, aka kore ka. A nan ka samo kalmar. Shi da ba addininku ɗaya ba ya rufe ƙofa kafin ya yi maka, kai kuwa ka tsayar da Dogo a gaban surukinsa."

"Yanzu lokacin tone-tone ne?"

"Lokacin ɗaukar waya ne. Ka kira ta. Za ta yi faɗa, za ta yi kuka, ta gaji ta bari. Jajayen suna nan."

Ya ɗauki wayar. Ya dubi sunan Yaya. Ya ajiye. Ya sake ɗauka, ya miƙe, ya zagaya tsakar gidan, ya dafa bango, ya ce innalillahi ya fi a ƙirga. Yatsansa ya ƙi dannawa. Mutumin da ya mayar da faɗa abincin safe, ga shi tsoron faɗa ya hana shi kiran yayarsa.

Can sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa wanda ruwa ya ci. Yaya tana fama da ciwon gwiwa, ba ta zagaya gona, daga ƙofar ɗakin gaba take leƙawa ta koma mota. Idan aka share ɗakin, aka zuba sabon garin katako, aka sauke labulen buhun da ke jikin ragar waya ɗakin ya yi duhu-duhu, aka kawo kajin baya aka cika shi, wa zai gane? Na safiya ɗaya ne kawai. Tana tafiya a mayar da su. Shi kuma ya sami 'yan kwanakin da zai nemo yadda zai yi.

"Likita fa ya ce shara ba ta fitar da shi," in ji matar.

"Likitoci sun cika tsoratarwa. Ciwo a safiya ɗaya? Ko baƙo ai sai ya zauna kafin ya ci abinci."

Gari na wayewa ya tsaya a ƙofar ɗakin baya. Inna Mai Ƙwai ta dafe makullin da ke wuyanta.

"Ɗan nan, da kunnena na ji abin da Likita ya ce. Ka bar mini 'ya'yana inda suke."

"Inna, ki taimake ni. Zuwa azahar kawai."

"A'a."

Ya roƙa, ya haɗa ta da Allah, ya kusa durƙusawa. Ta ce a'a. Da roƙo ya ƙi ci, sai ya koma ga abin da ya iya. Ya buɗe murya a kan matar da ta isa ta haife shi, mai jikoki. Ya ce mata ita wace ce, gonar ubanta ce, yau za ta bar aiki in ta ga dama. Tsohuwar ta tsaya tana kallonsa har ya ƙare. Ta cire igiyar daga wuyanta ta saki makullin a ƙasa.

"Ga shi nan. Amma hannuna ba zai taɓa ko ɗaya ba."

Tun jiya an binne fararen da suka rage. Dogo da Kumatu suka share ɗakin gaba, suka yi ta jigila da kwanduna. Sun san abin da suke yi, sun san inda zai ƙare, amma babu wanda ya ce tak. An riga an koya musu cewa ba a gaya wa Manaja abin da ba ya so ya ji. Jajayen kajin suka sauka a ɗakin gaba, suka karkaɗe jiki, suka nufi mazuban da fararen suka ci a ciki har suka mutu, suka hau tsattsaga da marmari. Bari in gaya muku tun yanzu, don kada ku sa rai: cikinsu babu wadda ta ga ƙarshen watan.

Da hantsi motar haya ta ajiye Yaya. Ta fito tana dogara sanda, da 'yar leda ta tsarabar yara. Manaja ya tarye ta da sabuwar riga, baki har kunne, gumi yana tsiyaya ta ƙarƙashin hula.

"Sannu da zuwa, Yaya! Ya gwiwar? Kada ki wahalar da kanki, daga nan ma kina jin su. Ji hayaniya! Ƙoshi ne."

Ta leƙa ta ƙofa. "Wannan duhun fa?"

"Sabon tsari ne. A duhu suka fi yin ƙiba."

"Dogo, ɗaga mini labulen nan in ga dukiyata."

Dogo ya dubi Manaja. Manaja ya dubi sama. Labule ya tashi, rana ta shiga ɗakin har ƙurya.

Yaya ta daɗe tana kallo. Ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Auta, farare na zuba a ɗakin nan."

"Eh, Yaya, farare ne. Wato... maganin ƙarin jini ne Likita ya kawo, sabon shigowa. Jinin ne ya yi musu yawa har ya fito a gashi. A ƙasashen waje ma yanzu duk haka suke, jajaye. Masu saye sun fi so."

"Ikon Allah. Ga su kuma sun rame, sun yi tsawon ƙafa."

"Naman ya shige ciki ne. Idan aka yanka za ki sha mamaki."

Kumatu ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna motsi, ko dariya ce ko kuka, Allah masani. Sai ga wata kaza a bakin ƙofa, wadda tun ɗazu take kai-kawo tana neman akwatin da ta saba ba ta gani ba, ta gaji ta tsuguna a gaban sandar Yaya. Ta miƙe tana kyarkyara. Ga ƙwai a kan garin katako.

Yaya ta sunkuya da kyar, gwiwa tana ƙara, ta ɗauka. Da ɗuminsa.

"Wannan ma maganin ne?"

"Ai... yana da ƙarfi sosai, Yaya. Likita ma ya ce wani lokaci..."

"Dogo." Ba ta ɗaga murya ba. "Ina fararen kajina?"

Rabon da a tambayi Dogo abu a tsaya jin amsa har ya manta. Ya nuna bayan katanga, inda ungulaye ke zaune.

"Duka?"

"Duka, Hajiya. Annoba ce. Likita ya zo jiya."

"A wane ɗaki suka mutu?"

Dogo ya ɗaga dogon hannunsa ya nuna ɗakin da suke tsaye a ƙofarsa.

Yaya ta dubi jajayen kajin, suna ta cin abinci hankali kwance. Shekarunta a kiwo sun isa ta san abin da take kallo. Ledar tsarabar ta zame daga hannunta. Ta nemi buhu ta zauna. Manaja ya runtse ido, ya noƙe wuya, yana jiran yatsa, yana jiran tsawa, har addu'a yake ta zo a wuce wurin. Ba ta zo ba.

"Jiya na tambaye ka, Auta. Na ce lafiya? Da ka gaya mini, faɗa kawai zan yi maka. Da yanzu na gama, muna zaune muna shawarar yadda za mu yi da waɗannan."

Ta kamo hannunsa, ta buɗe tafin, ta sa masa ƙwan a ciki, ta rufe yatsunsa a kai.

"Riƙe da kyau. Kai za ka kai wa marayun. Ka gaya musu kazar nama ce ta saka."

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Tsawatarwa, ko da wane harshe aka kira ta, magani ce, kuma magani yana da ma'auni da lokaci da wanda ake ba. Ana yin ta ne bayan an saurara, an tabbatar da laifi, a keɓe, don a gyara mutum ba don a tozarta shi ba. Shugaban da ke hukunta wanda ya kawo masa mummunan labari bai hana ɓarna faruwa ba, ya dai hana kansa jin ta ne har sai ta gama cin gida. Wannan ya shafi maigida da iyalinsa, da uwa da 'ya'yanta, da malami da ɗalibansa. Kai kuma da ka yi kuskure, ka je ka faɗa tun da sauran abin ceto, ka sunkuyar da kai ka sha faɗanka. Zafin faɗa na yini ɗaya ne, amma abin da ƙarya ta kashe ba ya tashi.